Hapis a wurin aiki: kofi, buta da banɗaki na iya yaɗa ta, ko sai jiki ya taɓa jiki?

Akawun Arkilla: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Likitoci da malaman asibiti da ke nan, a taimaka mana. A ofisoshin sakatariya da shagunan kasuwa, kofi ɗaya ne a kan randa, buta ɗaya, banɗaki ɗaya, darduma ɗaya, ga musabaha safe da yamma. Idan cikin ma'aikata akwai mai cutar da ake kira hapis, ta leɓe ko ta al'aura, sauran na iya ɗauka ta waɗannan hanyoyi? Hutu ya kamata a ba shi har ya warke, ko kofinsa kawai za a ware?

Likitan Fata: Wa alaikumus salam Malam Akawu. Kafin a kai ga kofi da buta, sai an san abin da ake magana a kai. Ƙwayar bairos ce, iri biyu. Nau'i na 1 shi ne ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a gefen leɓe bayan mutum ya sha zazzaɓi, waɗanda iyayenmu ke cewa zazzaɓin ne ya fita. Nau'i na 2 ya fi zama a al'aura, kuma hanyarsa saduwa ce. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna mutum biliyan 3.8 'yan ƙasa da shekara 50 na ɗauke da nau'i na 1, wato kashi 64 cikin 100. Nau'i na 2 kuwa mutum miliyan 520 ne tsakanin shekara 15 zuwa 49. A wannan lissafi, ofis mai mutum goma, wajen shida sun riga sun ɗauki nau'i na 1, galibi tun suna yara, daga sumbar uwa ko goggo ko yawun abokan wasa. Yawancinsu ma ba su taɓa ganin ƙurji ko ɗaya ba.

Ita ƙwayar tana lulluɓe ne da wata siririyar riga ta maiƙo. Da ta bushe, ko sabulu ya taɓa ta, rigar ta fashe, ita kuma ta mutu. Don ta kama mutum sai ta samu abu biyu a lokaci guda: danshi, da ƙofar shiga. Ƙofofin su ne leɓe, cikin baki, ido, al'aura, dubura, ko wurin da fata ta tsage. Lafiyayyar fatar tafin hannu ko ta cinya ba ƙofa ba ce. Saboda haka musabaha, darduma, kujera, biro, fayil, kuɗi, madannin kwamfuta, duk a cire su daga lissafi. Ba ta tafiya a iska, sauro ba ya ɗaukar ta, kuma ba ta jini take yaɗuwa ba.

Nas ta Mabera: Ni banɗakin nan nake so a tsaya a kansa, don nan ne ƙaryar ta fi yin jijiya. Duk ƙaiƙayi ko ruwa ko ƙurji da ya fito wa mace a gaba, sai a ce cutar banɗaki ce. A duba da hankali: wurin da ke taɓa kan masai na zama cinya ce da mazaunai, fata mai kauri. Al'aura ba ta taɓa shi. Masan tsuguno kuwa, wanda shi ya fi yawa a garin nan na Sakkwato, babu abin da ke taɓa shi sai tafin takalmi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta faɗa ƙarara cewa ba a ɗaukar hapis daga kan masai, zanen gado, ko wurin ninƙaya. Buta ma haka: hannunta ake riƙewa, ruwanta sabo ake zubawa. Wanda ya fito daga bayi ya wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, wannan don zawo da taifot ne, ba don hapis ba.

Mai Kemis, Gawon Nama: Likita, ranka ya daɗe, na yarda da duka amma ban da kofi. Ruwan da ke cikin ƙurjin leɓe cike yake da ƙwayar. Mutum ya kafa baki a kofin silba, ya ajiye, na bayansa ya ɗauka ko minti ɗaya ba a yi ba, ya kafa nasa leɓen da hunturu ya farfasa. Ga danshi, ga ƙofa, sharuɗɗan da kai da kanka ka gindaya. Ta yaya za a ce babu komai?

Likitan Fata: Gaskiyarka, Malam, kuma ban sa kofi a jerin da na kawo ba da gangan. A nan hukumomin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. CDC, a bayaninta kan ta al'aura, ta ce taɓa cokali da sabulu da tawul ba ya kawo ta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce mai ƙurji a leɓe kada ya yi tarayya da wasu a abin da yawu ya taɓa. Duka biyun suna da fuska. A ɗakin gwaji an ga ƙwayar na iya yin sa'o'i a kan jiƙaƙƙen abu, amma rayuwa a kan roba daban, isa ta kama mutum daban. Hukuncina: kofi hanya ce mai rauni ƙwarai, amma ba a rufe take ba, kuma lokacinta gajere ne. Daga ranar da leɓe ya fara zugi da ƙaiƙayi har ƙurjin ya yi ɓawo ya bushe, kwana 7 zuwa 10, mutum ya riƙe kofinsa da cokalinsa, kada ya sha ledar fiya wata ya miƙa wa wani. Bayan nan ruwa da sabulun wanke-wanke sun wadatar. Ba sai an fasa kofi ba, ba sai an tafasa ba.

Mai ta al'aura kuwa, ba ruwan kofinsa da wannan magana. Ƙwayar tana fita ne daga yankin da ta zauna, ba daga ko'ina a jiki ba.

Akawun Arkilla: Cin tuwo kwano ɗaya fa, da fura a ludayi ɗaya?

Nas ta Mabera: Kwano ɗaya kowa da gabansa ba damuwa. Ludayin da ke zagayawa baki zuwa baki hukuncinsa na kofi ne.

Likitan Haƙori: Tambayar ta ce wurin aiki, kuma an tsaya a ofis. Akwai sana'o'in da amsar ita ce e, ana ɗauka, babu batun saduwa ko kusa. Tamu ce ta farko. Duk wanda aikinsa sa yatsa a bakin mutane ne, likitan haƙori, nas mai zuƙe majina da yawu daga bututun numfashi, mai sa barci a tiyata, idan yana da 'yar tsaga a gefen farce kuma bai sa safar hannu ba, ƙwayar na shiga. Bayan kwana 2 zuwa 20 yatsan ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa zugi, sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su taru wuri guda kamar ƙwan kifi. Kafin safar hannu ta zama dole a shekarun 1980, wannan sananniyar cutar masu aikin haƙori ce.

Inda ake tafka kuskure: ana ɗaukar sa ɗan karkare ne na yau da kullum, sai a tsaga. Ɗan karkaren da ƙwayar bakteriya ta kawo yana tara mugunya, kan yatsan ya yi tauri tam, shi kam tsagawa ce maganinsa. Na hapis ruwansa garau ne da fari, naman yatsan bai yi tauri ba, kuma babu mugunyar da za a fitar. In aka sa aska, an buɗe wa bakteriya hanya, an watsa ƙwayar zuwa fatar kusa, ciwon da zai tafi da kansa cikin mako 2 zuwa 3 ya koma wani abu. A rufe shi da busasshen bandeji, a sha magani, shi ke nan. Kuma ma'aikacin lafiya mai wannan yatsa ba ya taɓa majinyaci har sai ya warke, ko da ya sa safar hannu, domin safa na hujewa.

Baba Wanzami: Allah shi gafarta malamai. Wanga batu ya taɓo sana'armu, bari in aza nawa. Kayan wanzami aska ta, da ƙaho, da 'yar tsaga, da almakashi. Wurin ƙaho, bakin wanzami ba shi taɓa jikin mutum, tsinin ƙahon a ka zuƙa, sannan a liƙe hujin. To in wanzami na da ƙurji ga leɓe, mi za a yi? Kuma yaran da sunka buɗe shagunan aski na zamani, wuta su ka sa ma kilifa da leta su ce ta kashe komi. Shin hakanan na?

Nas ta Mabera: Baba, sannu da ƙoƙari. Wanzami mai ɗanyen ƙurji a leɓe ya dakata da ƙaho na kwanakin nan, ko ya yi amfani da kofin roba mai famfo wanda ba a sa masa baki. Dalili: ya yi tsaga a fata, yawu na gangarowa ta cikin ƙahon, yatsan da ya shafi leɓe shi ke liƙe hujin kuma shi ke share jinin. Yawu a kan sabon rauni babbar ƙofa ce. A birnin New York, tsakanin 2000 da 2011, an ƙirga jarirai 11 da suka kamu da hapis bayan wata al'adar kaciya da mai yin ta ke tsotse raunin da baki, biyu suka rasu.

Amma Baba, a teburin aski hapis ƙaramar baƙuwa ce. Babbar ita ce ciwon hanta nau'in B, wanda ƙwayarsa ke yin kwana 7 ko fiye a busasshen jini tana da rai, sai ƙanjamau, sai makero. Wutar leta ta daƙiƙa biyu ba ta shiga tsakanin haƙoran kilifa, inda gashi da jini ke maƙalewa. Tsarin da ya dace: a goge gashin da buroshi, a wanke kan da ruwa da sabulu, a jiƙa minti 10 a ruwan bilic mai ƙarfin kashi 0.5, a ɗauraye, a shanya, a ɗiga mai don kada ya yi tsatsa. Yadda ake haɗa ruwan: a duba jikin kwalba, in an rubuta kashi 3.5 kamar JIK, ma'auni 1 na bilic, ma'auni 6 na ruwa. A haɗa sabo kullum safe, don zafin garin nan da hasken rana na kashe ƙarfinsa. Reza kuwa mutum ɗaya, reza ɗaya. In ba a fara wankewa da sabulu ba, dattin na cinye bilic ɗin kafin ya kai ga ƙwayar, nan ne mafi yawa ke faɗuwa.

Likitan Fata: Ƙari kan aski: mai ƙurji a leɓe ya bar gyaran fuska har ya bushe. Reza na kwasar ruwan ƙurjin ta shuka shi a ramukan gashin gemu, fuska ta cika da ƙuraje, a yi ta shan maganin bakteriya a banza. A nan mutum kansa ya harba, ba wanzami ba.

Mai Kwalliyar Amare: Mu ma a sa mu a layi. Jan baki ɗaya kan zagaya amarya da ƙawaye goma cikin awa guda, kuma maiƙo ne, yana riƙe danshi. Ƙa'idar da ya kamata kowace mai shago ta bi: ba a ɗora jan baki kai tsaye a leɓen kowa. A yanko kaɗan da tsabtataccen tsinke a sa a faranti, a shafa da auduga mai tsinke, a jefar. Fensirin leɓe da na gira a feƙe shi bayan kowace mace, a goge da sifirit mai kashi 70. Mai jiƙa tsinken kwalli da yawu ta daina. In amarya ta zo da ƙurji a leɓe ana gobe ɗaurin aure, kada a danne shi da hoda da soso ɗaya sannan a kai soson kusa da idonta.

Likitan Fata: Hajiya ta taɓo inda ya fi ba ni tsoro, wato ido. Hapis na kama baƙin ido: ido ɗaya ya yi ja, yana hawaye, ba ya son haske, gani ya dushe. Sai a je kemis a ce apolo ne, a karɓo maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin masu deksametason a ciki. Jan ya ragu kwana biyu, mutum ya yi murna, a ƙarƙashi kuwa gyambon na faɗaɗa, don sitiroyid ya kwantar da garkuwar da ke riƙe ƙwayar. Ƙarshenta tabo fari a baƙin ido, wani lokaci har ya huje. Jan ido ɗaya mai zafi tare da raguwar gani, sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru za a nufa a ranar, ba kemis ba. Da ɗigon kala da fitila mai shuɗin haske ake ganin gyambon, yana da rassa kamar reshen itace.

Mai Kemis, Gawon Nama: Ba zan kare masu yin haka ba. Maganin ido mai sitiroyid bai kamata ya fita daga kanta ba sai da takardar likita.

Ungozoma: Ku manya kuna ta kofi da kilifa. Babba in ya ɗauka, ƙurji ne na kwana goma. Jariri in ya ɗauka, rai ne. Ɗan da bai kai mako 6 ba garkuwarsa ba ta iya tsare ƙwayar a fata, sai ta wuce ƙwaƙwalwa da hanta da huhu. Mafi yawan jariran da ke kamuwa wurin haihuwa suke ɗauka, musamman in uwa ta kamu karon farko a watannin ƙarshe na ciki. Amma akwai kason da ke ɗauka bayan haihuwa, daga bakin mai sumba ko yatsan mai jego. Wurin aikinmu ke nan: ungozoma, nas ta ɗakin jarirai, mai raino, mai wankan jego.

Ma'aikaciyar ɗakin haihuwa mai ƙurji a leɓe ta sa takunkumi, ta wanke hannu kafin ta taɓa kowane ɗa, kuma in da hali a sauya mata aiki daga ɗakin bakwaini har ya bushe. Ranar suna, jariri na yawo hannu zuwa hannu, kowa na sumbata. Uwa ko kaka ta sa ido, mai ƙurji ya yi barka daga nesa. Alamomin da ba a kwana da su a gida: jariri ya ƙi nono, ya yi laushi, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi, ƙuraje masu ruwa a kai ko kusa da ido, ko ya riƙa zabura. Wasu ba su fitar da ƙurji ko ɗaya. Maganinsa ta jijiya ne a asibiti, kwana 14 zuwa 21, ba sirop ba, ba rubutu kaɗai ba. Mai ciki da ta san tana da ta al'aura ta faɗa wurin awo. Ana fara mata magani daga mako na 36, kuma in naƙuda ta zo da ƙurji a wurin, tiyata ake yi.

Malamin Islamiyya: Inna, to tauna dabino a shafa wa jariri a ganɗa fa? Sunna ce tabbatacciya, kada mutane su karanta wannan su ce an hana. Haka tofi.

Ungozoma: Allah shi gafarta Malam, ba wanda ya hana. Mai yi ne ake zaɓa. Wanda ke da ƙurji a leɓe ko gyambo a baki ya bar wa wani. Tofi kuma a yi shi iska-iska, ba a fuskar ɗan ba.

Likitan Fata: Sai dai a faɗi gaskiya duka: ƙwayar na fita a yawu wasu ranaku ba tare da ƙurji ba, mutum bai sani ba. Rashin ƙurji na rage haɗari sosai, bai shafe shi ba. Wasu na murje dabinon da tsabtataccen yatsa ba tare da an tauna ba. Ko hakan ya cika sunnar, wannan fagen Malam ne, ba nawa ba.

Malamin Islamiyya: Ƙa'idar babu cuta babu cutarwa ta isa hujja ga mai ƙurji ya janye. Batun murjewa kuma zan duba abin da malamai suka ce in dawo da shi.

Alƙalin Kokawa: Akwai sana'ar da jiki ke gogar jiki ba aure ba, ba asibiti ba. 'Yan kokawa na haɗa kai da kai, wuya da kafaɗa, ga yashi na kankare fata. A wani sansanin horar da 'yan kokawa a jihar Minnesota ta Amurka a 1989, cikin matasa 175, 60 suka kamu, mafi yawa a kai da wuya da fuska. Ba tabarmar wasa ta raba musu ba, fata ce da fata. Dokar wasannin jami'o'in can: ba ka shiga fili sai ka yi awa 120 kana shan magani, awa 72 ba sabon ƙurji, kuma duk tsofaffin sun yi ɓawo. Rufe ɗanyen ƙurji da filasta a shiga ba ya karɓuwa, gumi na ɓamɓare shi a turmin farko. Masu shirya wasa a filin Giginya ko a ƙauyuka bayan kaka, duba fatar 'yan wasa da rana kafin a fara ba ya cin ko sisi.

Akawun Arkilla: An gode ƙwarai. Saura abin da ke kashe aure. In ta al'aura ta fito wa mutum, kuma kun ce ba daga banɗakin ofis ba ne, ke nan ɗaya cikin ma'auratan ya ci amana?

Likitan Fata: A'a, kuma a nan ake zalunci. Bayan kamuwar farko ƙwayar na bin jijiya ta kwanta a wani kulli kusa da laka, ta leɓe a gindin kunne cikin ƙoƙon kai, ta al'aura a ƙasan gadon baya. Tana iya yin shekaru ba motsi, sai zazzaɓin cizon sauro, ko haila, ko ciki, ko gajiya, ko zafin rana ya tashe ta. Wanda zai nuna alama bayan sabuwar kamuwa yakan nuna cikin kwana 2 zuwa 12, amma da yawa ba sa nunawa sam. A garin da ake auren zawarawa, ake da mata biyu, uku, huɗu, ƙwayar na iya shigowa ta halastacciyar hanya daga auren da ya mutu shekara goma baya. Nau'i na 1 ma na sauka al'aura in mai ƙurjin leɓe ya kai baki wurin. Fitowar ƙurji yau ba ta nuna ranar da aka ɗauka, ba ta nuna daga wa.

Nas ta Mabera: Shi ya sa wasu ma'aikata ke cewa a bar mace da zancen banɗaki, a zauna lafiya.

Likitan Fata: Na san niyyar, amma ban goyi baya ba, Sista. Wadda aka ce wa banɗaki ne za ta yi ta wanke masai da bilic, ta ci gaba da kwanciya da miji ranar da ƙurji ke ɗanye, ba za ta faɗa wurin awo ba, kishiyarta ma ba za ta sani ba. Ga shi nau'i na 2 na ninka haɗarin ɗaukar ƙanjamau kusan sau uku. Gaskiyar da na faɗa a sama ta fi ƙaryar kare auren. Wuri ɗaya ne ba a sassautawa: ƙaramin yaro ko yarinya da ƙurajen al'aura. Yana yiwuwa daga yatsansa ne ko na mai yi masa tsarki, amma dole likita ya bincika ko an taɓa yaron. Kada a rufe da zancen fo ko banɗakin makaranta.

Ɗan Ɗakin Gwaji: Kafin a kai ga rigima, a tabbatar hapis ɗin ce. Gyambo ɗaya marar zafi mai taurin baki ya fi kama da tunjere, shi kuwa allurar fenisilin ke kashe shi. Ƙaiƙayin dare da ƙuraje tsakanin yatsu ƙazuwa ce. Gwajin da ya fi inganci shi ne a shafo ruwan sabon ƙurji da auduga cikin awa 48 na farko a yi gwajin gano ƙwayar kanta da ake kira PCR, shi ke faɗin nau'in. In ya bushe, sakamako na iya cewa babu alhali akwai.

Gwajin jini kuma a yi hattara. Gwajin garkuwar jiki da ake kira IgM ba shi da amfani a nan, ba ya bambance sabuwa da tsohuwa, ba ya bambance nau'i, kada a biya kuɗinsa. Ɗaya gwajin garkuwar, IgG, na iya ɗaukar mako 12 ko fiye kafin ya nuna. In ya nuna nau'i na 1, bai faɗi ko a leɓe take ko a ƙasa ba, kuma mafi yawan manya za su nuna. In ya nuna nau'i na 2 da ƙaramin maki, tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa ƙarya ce, sai an sake da wani gwajin daban. Babu dalilin da zai sa wani wurin aiki ya nemi wannan gwaji kafin ɗaukar ma'aikaci.

Mai Kemis, Gawon Nama: Magani, don a san abin da likita zai rubuta, ba don a saya a kanta ba. Asaikulobir, wanda wasu suka sani da Zovirax: fitowar farko ta al'aura, miligiram 400 sau 3 a rana, kwana 7 zuwa 10. In ta dawo, 800 sau 2 a rana kwana 5. Balasaikulobir, wato Valtrex, ya fi tsada amma ya fi sauƙin sha: ga ƙurjin leɓe giram 2, bayan awa 12 a ƙara giram 2, an gama. Sirrin duka a fara ranar da wurin ya fara zugi. In dawowa ta yi, wanda ya jira kwana uku ya yi asarar kuɗinsa. Man shafawa mai kashi 5 sau 5 a rana ake sa shi, kuma abin da yake ragewa bai wuce kwana ɗaya ba. A shafa da auduga, ba da yatsa ba. Ba ɗayansu da ke fitar da ƙwayar daga jiki, duk mai tallar maganin da ke kashe ta har abada a lasifika kuɗinka yake so. Ampiclox ba ya taɓa ta. Man goge baki, toka, ruwan batir, kanwa, ƙona fatar kawai suke yi. A sha ruwa sosai da asaikulobir, don yana iya daskarewa a ƙoda, balle a watan Afrilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, ko mai azumi. Mai ciwon ƙoda sai an rage masa.

Nas ta Mabera: Kada a manta da ɗan uwanta da ake rikita su. Ƙurajen da ke fitowa a layi, gefe ɗaya na ƙirji ko fuska kamar an yi bulala, masu zafi kamar wuta, ƙwayar ƙarambau ce ta farka, ba ta saduwa ba ce ko kaɗan. Amma ga abin mamaki, ita ce ta fi cancantar a yi hattara da ita a ofis: ruwanta na sa wa wanda bai taɓa ƙarambau ba ƙarambau, bayan kwana 10 zuwa 21. A rufe da riga ko bandeji, a nisanci mai ciki da jariri da mai raunin garkuwa har ta yi ɓawo. Maganinta a fara cikin awa 72, kuma adadinsa ya fi yawa, 800 sau 5 a rana kwana 7. In ta fito a goshi ko kan hanci, likitan ido a ranar.

Ungozoma: Kuma yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 mai tamowa, in dasashinsa ya kumbura yana wari, kunci ya fara baƙi, kada a ce ƙurjin zazzaɓi ne a jira. Noma ce, kwanaki kaɗan take cin fuska. Asibitinta na nan cikin garin Sakkwato.

Akawun Arkilla: To batun hutun fa? Ba a amsa min ba.

Likitan Fata: Akawu, malamin makaranta, direba, tela, ɗan kasuwa: ba hutu, sai in fitowar farko ce mai zazzaɓi da ta kwantar da shi. Mai ta al'aura, ko a asibiti yake aiki, babu abin da aka hana shi, kuma ba dole ya faɗa wa shugabansa ba. Mai ta leɓe ya riƙe kofinsa, ya bar taɓa wurin, in yana kula da jarirai, masu ƙuna, masu shan maganin daji ko yara masu kircin da fatarsu ta farfashe, a sauya masa aiki na mako guda. Mai ta yatsa ya bar taɓa majinyata, mai tausa da mai lalle ma haka. Ɗan kokawa ya zauna a benci.

Baba Wanzami: Malama Nas, wancan awon bilic, da murfin kwalba za a auna ko da kofi?

Nas ta Mabera: Duk wanda ka ga dama Baba, in dai abu ɗaya ne ka auna duka biyun da shi. Kofin shayi 1 na bilic, 6 na ruwa, a roba mai murfi, ba a kwanon ƙarfe ba. Kada aska ta wuce minti 10 a ciki, bakinta zai ci.